Gani Ya Kori Ji? Tarihin Cikon Hoto a Na'urorin Faifan Bidiyo na Gida

1.0 Gabatarwa

A wani zangon karatu da ya wuce na so in nuna wa ɗalibaina na digiri na biyu wani tsohon fim na Hausa, domin mu nazarci yadda 'yan wasa suke sarrafa habaici da kirari. Fim ɗin yana kan faifan VCD ne, wanda na saya tun ina ɗalibi. Da muka sa shi a babban akwatin talabijin irin na yanzu, sai ga fuskoki dishi-dishi, bango ya farfashe gida-gida, aikin da ke jikin riguna da huluna kuwa ko alamarsa ba a gani. Wani ɗalibi ya ce ai akwai na'urar da ake sayarwa a kasuwa, an rubuta 1080p a goshinta, wadda take mai da tsohon faifai sabo. Wani kuma ya ce manhajar kwamfuta ma ta fi ta iya wannan aiki.

Maganar waɗannan ɗalibai ita ce mafarin wannan maƙala. Manufarta ita ce ta bi tarihin dabarar da za mu kira cikon hoto, watau faɗaɗa hoto mai ɗigo kaɗan domin ya cika allo mai ɗigo da yawa. Za mu ga inda dabarar ta samo asali, da yadda take aiki, da dalilin da ya sa kamfanoni suka mai da ita abin talla. Daga ƙarshe za mu duba abin da wannan tarihi yake nufi ga manazarcin harshe da al'ada, wanda faifan bidiyo ya zame masa hujja kamar yadda takardar ajami take hujja.

2.0 Layi da Ɗigo

Kafin a fahimci ciko sai an san yadda ake gina hoton talabijin. Tsohon akwati mai ƙeya yana zana hoto ne layi-layi daga sama zuwa ƙasa, kamar yadda masaƙi yake jera zare. Amurka ta tsai da layi 525 a 1941, ta ƙara masa launi a 1953, shi ne tsarin NTSC. A Jamus ta Yamma injiniya Walter Bruch na kamfanin Telefunken ya fito da tsarin PAL, wanda aka fara watsa shirye-shirye da shi a 1967, yana da layi 625, amma 576 ne kawai suke ɗauke da hoton da ido yake gani. Nijeriya, wadda ta buɗe gidan talabijin na farko a Ibadan a 1959, na Kaduna kuma a 1962, PAL ta bi da launi ya zo. Jamhuriyar Nijar ta bi SECAM na Faransa, wanda shi ma layi 625 ne, sai dai hanyar ɗaukar launinsu ta bambanta.

Akwai wani abu kuma da ya kamata a riƙe. Ba a aiko da layukan nan gaba ɗaya. Ana raba kowane hoto gida biyu: a aiko da layi na 1 da na 3 da na 5 har ƙasa, sa'an nan a koma a aiko da na 2 da na 4 da na 6. A tsarin PAL ana aiko da irin wannan rabin hoto sau 50 a daƙiƙa, ido ya haɗa su ya ga cikakken hoto 25. Wannan dabara, wadda za mu kira saƙa layi, an yi ta ne don tsimin hanyar watsawa, kuma ta dace da tsohon akwati ƙwarai. Sai daga baya ta zama alaƙaƙai, kamar yadda za mu gani.

Da hoto ya koma lissafin kwamfuta, sai aka yayyanka kowane layi zuwa ɗigo-ɗigo, kowane ɗigo da lambar haskensa da ta launinsa. Yawan ɗigo a kwance sau yawan layi a tsaye shi ne mizanin da ake auna ƙarfin hoto da shi.

3.0 Daga Kaset zuwa Faifai

Kamfanin Sony ya fito da kaset na Betamax a 1975, JVC ya biyo baya da VHS a 1976. VHS ne ya ci kasuwa, ko da yake hotonsa bai kai na gidan talabijin ba, kuma duk lokacin da aka kwafi kaset daga kaset sai hoton ya ƙara dusashewa. Faifan bidiyo na hasken leza na farko da ya shiga kasuwa, wanda aka fi sani da LaserDisc, ya fito a Amurka a 1978. Faɗinsa santimita 30 ne, hotonsa ya fi na kaset nesa ba kusa ba, amma tsadarsa ta sa bai wuce hannun masu sha'awa da masu hali ba.

A 1993 kamfanonin Philips da Sony da Matsushita da JVC suka amince da tsarin VCD, watau sanya bidiyo a kan ƙaramin faifai mai faɗin santimita 12 wanda tun 1982 ake sa waƙa a kansa. Domin bidiyo na minti 74 ya shiga wannan faifai, sai da aka yi sadaukarwa biyu. Ta farko, an rage hoton zuwa ɗigo 352 a kwance da layi 288 a tsaye, jimla ɗigo 101,376, watau an zubar da rabin layukan PAL. Ta biyu, an matse abin da ya rage da tsarin MPEG-1, wanda yake yanka hoto gida-gida, kowane gida ɗigo 8 sau 8, ya watsar da ƙananan bayanan da ake zaton ido ba zai kula da su ba. VCD bai yi tasiri a Turai da Amurka ba, amma ya mamaye Sin da kudu maso gabashin Asiya saboda araharsa da sauƙin kwafarsa, kuma ta wannan hanya na'urorinsa suka kwararo Afirka ta Yamma.

DVD ya fito a Japan a watan Nuwamba 1996, ya shiga Amurka a 1997. Faifansa mai shimfiɗa ɗaya yana ɗaukar gigabait 4.7, ana matse hotonsa da MPEG-2, kuma a ƙasashen PAL yana da ɗigo 720 sau 576, jimla 414,720. Ya ninka VCD sau huɗu ke nan da 'yan kai. A kan tsohon akwati mai inci 14 ko 21 hoton DVD garau yake, har na VCD ma bai cika damun kowa ba, domin allon ƙarami ne, kuma hasken da yake zana layukan yana da laushin da yake rufe aibi.

4.0 Zuwan Shimfiɗaɗɗen Allo

Matsala ta taso ne a farkon shekarun 2000, lokacin da shimfiɗaɗɗen allo ya fara korar akwati mai ƙeya. Irin wannan allo yana da ƙayyadaddun ɗigogi da aka gina shi da su, ba ya raguwa ba ya ƙaruwa. Wanda ake kira cikakken HD yana da 1920 sau 1080, jimla ɗigo 2,073,600. In aka raba wannan da 414,720 na DVD za a sami 5 daidai. Ma'ana, in an cika allon da hoton DVD, cikin kowane ɗigo biyar da mai kallo yake gani, bayanin ɗaya kawai faifan ya kawo, sauran huɗun lissafi ne ya samar da su. In VCD ne, ɗaya ne cikin 20. A allon 4K mai ɗigo 8,294,400 kuwa, DVD yana kawo ɗaya cikin 20, VCD ɗaya cikin 80 da wani abu.

To, yaya na'ura take cike gurbin? Hanya mafi sauƙi ita ce ta maimaita ɗigon da ya fi kusa, abin da yake sa gefen abubuwa ya fito kamar matakala. Wadda ta fi ta ita ce ta ɗauki ɗigo huɗu na kewaye ta fitar da tsaka-tsakinsu. Hoto zai yi sumul, amma ya yi laushi. Akwai kuma mai duba ɗigo 16, wadda Robert Keys ya yi bayanin lissafinta a 1981, ta fi tsare kaifin gefe. Duk hanyoyin nan kintace ne mai ƙa'ida. Tun a 1949 Claude Shannon ya tabbatar da lissafi cewa yawan awon da aka ɗauka shi yake iyakance ƙanƙantar abin da za a iya dawo da shi. Zaren da ya fi tazarar ɗigo biyu sirantaka bai shiga faifai a matsayin zare ba tun farko, saboda haka babu inda za a tono shi.

Kafin ma a kai ga faɗaɗawa akwai aikin warware saƙar layi, domin shimfiɗaɗɗen allo yana nuna layukansa duka a lokaci guda. In asalin abin fim ne na sinima, rabin hoton biyu daga ɗauka ɗaya suka fito, na'ura mai wayo za ta gane haka ta haɗa su ba tare da hasara ba. In kuwa da kyamarar bidiyo aka ɗauka, akwai tazarar kashi ɗaya cikin 50 na daƙiƙa tsakanin rabin farko da na biyu. Hannun da yake motsi ya riga ya gusa, in aka haɗa su haka nan sai gefensa ya fito kamar haƙoran zarto. Injiniya Yves Faroudja, Bafaranshe da ya kafa kamfaninsa a Kalifoniya, ya yi suna ne a kan wannan matsala. Na'urorinsa na ninka layi sun fara a matsayin kayan masu hali, daga baya dabarar ta koma ɗan ƙaramin guntu a cikin na'urar DVD. Sau da yawa bambancin da masu kallo suke gani tsakanin na'ura da na'ura daga wannan mataki yake, ba daga yawan ɗigon da aka rubuta a kwali ba.

5.0 Ciko a Matsayin Haja

An tsai da ƙa'idar wayar HDMI a watan Disamba 2002, kuma daga wajen 2003 zuwa 2004 aka fara sayar da na'urorin DVD masu yin ciko da kansu su aika wa allo hoto mai layi 720 ko 1080. Masu haƙƙin finafinai sun gindaya sharaɗi cewa faifan da aka kulle ba za a faɗaɗa hotonsa ba sai ta waya mai kariyar hana kwafa, shi ya sa na'urori da yawa ba sa yin ciko ta tsofaffin wayoyi masu launi-launi.

Abin da talla ba ta faɗa ba shi ne, kowane shimfiɗaɗɗen allo yana yin ciko da kansa, in ba haka ba da hoton DVD ya tsaya ɗan mitsitsi a tsakiyarsa. Sayen na'ura mai ciko bai ƙara wa faifai ko ɗigo ɗaya ba. Wurin yin aikin kawai aka sauya. In guntun da ke cikin na'urar ya fi na allon iya lissafi, hoto zai gyaru. In na allon ya fi, gara a bar masa aikinsa. Wani lokaci ma sai a yi ciko sau biyu, misali na'ura ta kai hoto 1080, allo mai layi 768 ya sāke rage shi, kowane mataki da irin tasa hasarar.

A 2006 aka shiga gasa tsakanin faifai biyu masu ɗauke da hoton HD na gaske: HD DVD na Toshiba, da Blu-ray wanda Sony yake kan gaba a cikin masu goyon bayansa. Dukansu suna amfani da shuɗin leza mai tsawon zango nanomita 405, maimakon 650 na DVD, abin da ya ba su damar cusa bayani mai yawa a faifai mai girma ɗaya. A watan Janairu 2008 kamfanin Warner ya koma Blu-ray kacokan, a watan Fabrairu Toshiba ya janye. Abin lura shi ne a cikin shekarar nan Toshiba ya fito da wata na'urar DVD da ya kira XDE, yana tallarta da cewa tana kusantar da tsohon faifai ga HD. Sony ma tun a watan Mayu 2007 ya ƙara wa na'urar wasansa ta PlayStation 3 ikon cikon DVD. Kamfanonin sun san cewa jama'a sun tara faifan DVD da ba su da niyyar sāke saye, kuma alkawarin sabunta tsoho ya fi sauƙin sayarwa.

Faifan Blu-ray na 4K ya fito a 2016, a lokacin da kallo ta intanet ya riga ya ci kasuwar faifai. Kamfanin Oppo Digital, wanda masu sha'awa suka fi yabon na'urorinsa wajen ciko, ya sanar da daina ƙera su a 2018.

6.0 Daga Kintace zuwa Ƙirƙira

A 2014 wasu masana a wata jami'ar Honkon suka nuna cewa za a iya horar da kwamfuta da tarin hotuna, kowanne da dusasshensa da garau ɗinsa, har ta koyi yadda ake tashi daga na farko zuwa na biyu. Daga nan cikon hoto ya sauya hali. Tsohuwar hanya tana duba maƙwabtan ɗigo ne kawai. Sabuwar, wadda ake dangantawa da ƙirƙirarriyar basira, tana ɗebo kamanni daga hotunan da aka horar da ita da su, ta zana gashin ido ko saƙar tufa inda take zaton ya kamata su kasance. Hoton yakan fito tangaran, amma wani ɓangarensa bai taɓa wucewa ta gaban kyamara ba.

An ga haɗarin haka a fili a watan Yuni 2020, lokacin da aka ba wata manhaja mai suna PULSE, wadda aka ƙirƙira a Jami'ar Duke, dusasshen hoton Barack Obama, ta fito da fuskar wani farar fata. A watan Maris 2024 kuma wani alƙali a jihar Washinton ta Amurka ya ƙi karɓar bidiyon wayar hannu da aka gyara da irin wannan manhaja a matsayin hujja a shari'ar kisa, bisa dalilin cewa ba a tabbatar da hanyar da manhajar take bi ba, kuma tana iya nuna abin da bai faru ba. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma karin maganar ta ginu ne a kan cewa abin da ido ya gani ya auku.

7.0 Finafinan Hausa da Matsalar Asali

A nan ne tarihin ya iso ƙofarmu. Fim ɗin Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa, wanda ya fito a Kano a 1990, shi aka fi ambata a matsayin mafarin finafinan bidiyo na Hausa na kasuwa. Shi da waɗanda suka biyo shi a shekarun 1990 da kyamarar bidiyo aka ɗauke su, a kaset na VHS aka sayar da su a wurare irin su kasuwar Ƙofar Wambai. A shekarun 2000 sana'ar ta koma VCD, sa'an nan DVD, har da irin wanda ake cusa finafinai da yawa a faifai ɗaya, a matse kowanne fiye da kima. Ke nan babban kaso na wasan kwaikwayon Hausa na kimanin shekara 25 yana kwance ne a kan mafi raunin ma'ajin da aka ƙera. Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano, ya nuna yadda dusashewar hoto da ƙarar sauti, sakamakon kwafa bayan kwafa, suka zama wani ɓangare na yadda jama'a suka saba kallo.

In aka yi wa irin wannan faifai ciko, aibinsa ake fara faɗaɗawa. Gidajen nan na ɗigo 8 sau 8 sai su zama manya, in kuma na'ura ta ƙara kaifi sai farin zobe ya kewaye kawunan mutane. Bugu da ƙari, tsohon hoto ma'auninsa 4 da 3 ne, sabon allo 16 da 9. In aka miƙe shi ya cika allo sai fuskoki su yi faɗi da kashi ɗaya cikin uku. In kuwa aka miƙa shi ga manhaja mai ƙirƙira, wa ya san da hotunan wace ƙasa aka horar da ita? Manazarcin da yake son ya san irin aikin da ake yi wa babbar riga a Kano a 1995, ko tsagar fuska, ko zanen lalle, yana iya ƙarewa da nazarin abin da kwamfuta ta zana.

Akwai misalin da ya nuna sahihiyar hanya. Fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya daɗe ana zaton ya ɓace. A 2016 aka gano ainihin zaren fim ɗinsa a ma'ajin Hukumar Finafinai ta Nijeriya, aka gyara shi da haɗin gwiwar cibiyar Arsenal ta Balin, aka nuna shi a bikin finafinai na birnin a 2018. Ya fito da kyau ne domin zaren fim na sinima yana ɗauke da bayanin da ya wuce na kowane kaset, kuma an koma gare shi kai tsaye. Finafinan bidiyo ba su da wannan gata, amma ƙa'idar ɗaya ce: uwar kaset da aka yi tacewa a kanta ta fi kaset na kasuwa, kaset mai kyau na farkon kwafa sau da yawa ya fi VCD da aka ciro daga gare shi.

Masu nazarin rubutun ajami sun daɗe da sanin wannan matsala. In gara ta ci baiti, makwafi nagari yakan bar gurbi ko ya sa alama a gefe. Wani kuwa yakan cike da abin da ya ga ya dace da kari da amsa-amo, baitin ya yi daɗin rerawa, amma ba na mawallafi ba ne. Ba a hana mai tahƙiƙi kintace, sharaɗin dai shi ne ya nuna inda ya kintata, ya kuma ajiye asalin. Wannan ladabi ne ya kamata mu ɗauka zuwa ga hoto mai motsi.

8.0 Kammalawa

Mun ga cewa cikon hoto ya taso ne daga saɓanin da ke tsakanin tsohon faifai da sabon allo, ya zama haja a shekarun 2000, ya koma ƙirƙira bayan 2014. Ga mai kallo a gida ba laifi ba ne, hasali ma dole ne, kuma na'ura mai kyau tana sa tsohon DVD ya yi daɗin kallo. Ga mai bincike kuwa akwai abubuwa da ya kamata a kiyaye. A nemi mafi kusa da asali tun masu shi suna raye, domin kaset yana lalacewa da zafi da laima, na'urorin karanta shi kuma an daina ƙera su tun 2016. A kwafe shi zuwa kwamfuta da ma'auninsa na ainihi, ba ciko ba ƙarin kaifi, a ajiye wannan kwafi daban. In an yi wani gyararre don nuni a aji ko a talabijin, a rubuta a jikinsa cewa gyararre ne, da hanyar da aka bi. In an kafa hujja da fim a kundin digiri, a faɗi irin ma'ajin da aka kalla, kamar yadda ake faɗin bugun littafi. Sassan Hausa na jami'o'inmu da ma'ajin finafinai na ƙasa da ke Jos su ne suka fi cancanta su ja gaba a wannan aiki, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Game da ajin nan nawa, a mako na gaba wani ɗalibi ya ɗauko tsohon akwati mai inci 14 daga gidansu. Muka matso kusa muka kalli fim ɗin yadda masu shi suka kalle shi a zamaninsa, muka yi nazarin habaicinmu. Aikin rigar dai har yanzu ba mu gan shi ba, sai in Allah ya sa an dace da uwar kaset ɗin.